Sulallan tunawa da zakarun tseren motoci: Abin da ya kamata mai saye ya sani

Duk wanda ya san unguwar Gudu da ke Babban Birnin Tarayya Abuja, ya san cewa mota ce uwar ciniki a wurin. Daga rumfunan kayan gyara zuwa garejojin kanikawa da suka miƙe har Apo, wuni ake yi ana cinikin tayoyi da batura da fitilu da injinan da aka shigo da su daga ƙetare. Kuɗi na ta zagayawa, wasu a takarda, wasu ta waya, amma da wuya mutum ya ji ƙarar sule ko ɗaya. An daɗe da daina waiwayar tsabar naira ɗaya da naira biyu, ko mai tallar ruwan leda ba ya karɓarsu.

Sai dai a wasu sassan duniya mota da sule sun haɗu a wata harka mai riba, wato buga sulalla na musamman masu ɗauke da hotunan zakarun tseren motoci, waɗanda ba a yi su don a kashe a kasuwa ba, sai don a adana. Yanzu da intanet ta kawo kasuwannin duniya cikin wayar hannu, tallar irin waɗannan sulalla na iya riskar matashin da ke bibiyar gasar Formula 1 a Abuja ko Kano, sau da yawa da alƙawarin cewa jari ne da ba ya faɗuwa. Don haka yana da kyau a san abin da suke, wa ke buga su, da kuma abin da ke sa su daraja.

Sule iri uku ne

Na farko shi ne sulen kashewa, wanda babban bankin ƙasa ke bugawa da yawa da ƙarfe mai araha don a yi canji. Darajarsa ita ce adadin da aka rubuta a jikinsa.

Na biyu shi ne sulen ajiyar dukiya, wanda ake yi da zinariya ko azurfa, farashinsa kuma na bin farashin ƙarfen a kasuwar duniya. Mafi shahara a Afirka shi ne Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara bugawa a 1967. Zimbabwe ta fito da nata a 2022, Babban Bankin Ghana ma ya ƙaddamar da nasa a 2024.

Na uku, wanda shi ne batunmu, shi ne sulen tunawa. Ana buga shi kaɗan, a goge shi ya yi sheƙi kamar madubi, a saka shi cikin kwanson roba da ɗan akwati, tare da takardar shaida. Akan rubuta masa daraja a jiki, kamar dala ɗaya ko yuro biyar, amma ana sayar da shi a kan ninkin wannan adadi sau da dama. A doka kuɗi ne, a zahiri kuwa kayan tarihi ne.

Akwai kuma abin da ke kama da sule amma ba sule ba ne, wato lambar tunawa. Kowane kamfani na iya buga ta, ba ta da sunan ƙasar da ta amince da ita, ba ta da adadin kuɗi a jiki. A nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa.

Brazil da Ayrton Senna

Misalin da masu tara sulalla suka fi ambata shi ne na Ayrton Senna, ɗan ƙasar Brazil, wanda ya zama zakaran duniya na Formula 1 sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, ya kuma lashe tsere 41. Ranar 1 ga Mayu, 1994, motarsa ƙirar Williams ta ƙwace a wata kwana da ake kira Tamburello a filin tsere na Imola da ke Italiya, ta daki katanga. Ya rasu yana da shekara 34, kwana ɗaya bayan wani direban, Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya, ya rasa ransa a wannan fili. Gwamnatin Brazil ta ayyana zaman makoki na kwana uku.

A 1995 Babban Bankin Brazil ya fitar da sulalla biyu don tunawa da shi: na azurfa mai darajar riyal 2 na kuɗin ƙasar, da na zinariya mai darajar riyal 20. Na azurfar nauyinsa giram 27 ne, kashi 925 cikin 1,000 azurfa zalla. Na zinariyar kuwa giram 8 ne, kashi 900 cikin 1,000. Ƙasar San Marino, wadda tseren da ya rasu a cikinsa ke ɗauke da sunanta, ita ma ta buga sulen azurfa na yuro 5 a 2014, lokacin da ya cika shekara 20 da rasuwa.

Abin da ya bambanta sulallan Brazil shi ne ƙasarsa ce ta karrama shi, babban bankinta ne ya yi aikin, kuma akwai jama'ar da suke ƙaunarsa har gobe. Irin wannan ne a Tsibirin Man da ke tsakanin Birtaniya da Ireland, inda ake tseren babura na TT tun 1907. A can an sa gwanayen tseren, ciki har da Joey Dunlop a 1981, a kan tsabar fenni 50 da mutane suka riƙa kashewa a shaguna.

Laberiya: Sulallan tsere a tsakiyar yaƙi

Misali mafi kusa da mu yana nan Afirka ta Yamma, kuma darasinsa daban ne. A 1992 aka fitar da jerin sulalla da sunan Jamhuriyar Laberiya, masu ɗauke da direbobin Formula 1. A cikinsu akwai Senna, da Nigel Mansell ɗan Birtaniya wanda ya zama zakara a shekarar, da Riccardo Patrese ɗan Italiya, da Gerhard Berger ɗan Ostiriya, da Aguri Suzuki ɗan Japan, da kuma wani matashin Bajamushe, Michael Schumacher, wanda a lokacin bai ci kambun duniya ko ɗaya ba cikin bakwai da ya tara daga baya. A ɗaya fuskar kuma tambarin Laberiya ne, da jirgin ruwansa da bishiyarsa.

Duk wanda ya tuna halin da Laberiya ke ciki a 1992 zai yi mamaki. Yaƙin basasa ya ɓarke tun Disamban 1989, an kashe Shugaba Samuel Doe a Satumban 1990, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amos Sawyer tana Monrovia ƙarƙashin kariyar dakarun ECOMOG, waɗanda mafi yawansu sojojin Najeriya ne. Ƙasar ba ta da filin tseren Formula 1, ba ta da direba a gasar.

Sirrin shi ne ba a Monrovia aka buga su ba. Wani kamfani mai zaman kansa ne, Pobjoy Mint da ke yankin Surrey a Ingila, wanda ya rufe harkokinsa a ƙarshen 2023. Tsarin da irin waɗannan kamfanoni ke bi sananne ne: kamfani ya nemi izinin wata ƙasa, yawanci ƙarama ko mai ƙarancin kuɗin shiga, ya yi amfani da sunanta da tambarinta, ya biya ta wani kaso, shi kuma ya zaɓi hoton da yake ganin zai samu kasuwa a Turai ko Japan ko Amurka. Sunan ƙasa shi ke mayar da faifan ƙarfe ya zama “kuɗi”, wanda ya fi lambar tunawa jan hankalin masu saye. Ta haka ne tsibiran tekun Pasifik irin su Niue da Palau da Tuvalu suke da sulalla iri-iri da mazauna can ba su taɓa riƙewa ba. An ma buga wasu da sunan Somaliya a siffar babura da motoci.

Wannan bai sa sulallan Laberiya suka zama jabu ba. Amma ya nuna cewa ciniki ne ya haife su, kuma na dala ɗaya daga cikinsu da haɗin jan ƙarfe da nikel aka yi su, ba azurfa ba, duk da farin da suke da shi. Na dala 10 ne na azurfa. Wanda bai san wannan bambanci ba, sai ya biya kuɗin azurfa ya tafi gida da ƙarfe.

Me ke sa sule daraja?

Abu huɗu ne. Na farko ƙarfen da ke jikinsa, wanda shi ne ƙasan farashi. A ɗauki sulen azurfa na Senna: giram 27 a kan kashi 925 ya ba da kusan giram 25 na azurfa zalla. Na zinariyar kuma giram 7.2 ne na zinariya zalla. Idan mutum ya tambayi farashin giram ɗaya a ranar wajen masu sayar da gwal a kasuwar Wuse, ya ninka, ya san abin da zai samu ko da duniya ta manta da direban. Duk abin da aka ɗora a kan wannan, kuɗin sha'awa ne. A shafukan ƙetare akan auna da oza ta musamman ta ƙarafa masu daraja, wadda take giram 31.1.

Na biyu shi ne yawan waɗanda aka buga. Abin da aka buga dubu biyar ba ɗaya yake da wanda aka buga miliyan biyar ba. Na uku, lafiyar sulen. Ƙarzuwa ɗaya ko shatin yatsa a fuskar da aka goge na iya karya farashi, kuma wanke tsohon sule da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe ɓata shi ne, domin masu tarawa sun fi son sa yadda yake. Na huɗu, kuma mafi wuyar hasashe, shi ne masu nema. Sunan Senna ya ci gaba da tashe shekara 30 bayan rasuwarsa, amma akwai direbobin da aka buga wa sulalla waɗanda matasan yau ba su taɓa jin sunansu ba.

Tsufa kaɗai ba ya cikin jerin. Kwabo mai huji na 1936 da aka yi wa Afirka ta Yamma yana ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda ya yi murabus a shekarar da ya hau. Labari ne mai daɗi, amma an buga miliyoyinsa, don haka ba shi da tsada a wajen masu tarawa. Wannan ya isa amsa ga jita-jitar da kan taso lokaci zuwa lokaci cewa wani tsohon kwabo da ke ƙasan adakar kaka zai sayi gida.

Kafin a biya kuɗi

A ce an tallata wa wani mai sayar da kayan gyara a Gudu sulen “zinariya” mai hoton Schumacher ko Lewis Hamilton a Facebook ko WhatsApp. Ilimin da yake amfani da shi kullum wajen bambance kayan asali da kwaikwayo shi zai yi aiki a nan.

Ya fara duba ko akwai sunan ƙasa da adadin kuɗi da shekara a jiki. In babu, lambar tunawa ce. Ya karanta bayanin da kyau, domin akwai tazara mai nisa tsakanin zinariya da ruwan zinariya. Abin da aka yi wa ruwan zinariya, abin da ke jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ya nemi nauyi da faɗin da hukumar da ta buga ta bayyana, ya ɗora a ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Maganaɗisu ba ya kama zinariya ko azurfa, saboda haka in ya kama, magana ta ƙare. Amma rashin kamawa ba hujja ba ce, tun da haɗin jan ƙarfe da nikel ma ba ya kamuwa. Takardar shaida ma ana iya buga ta a ko'ina, don haka ba ta maye gurbin awo.

Sai tambaya mafi muhimmanci: in buƙata ta taso, wa zai saya? Kasuwar masu tara sulalla a Najeriya ƙarama ce ƙwarai. Mai gwal a Wuse ko a Kano nauyi zai auna, bai damu da wanda ya ci tsere a Monako ba. Wanda ya sayi sule da dala, ya biya kuɗin aikowa, sannan ya zo sayarwa da awo, asara zai tafka. Mai neman wurin ɓoye dukiya daga hauhawar farashi, sulen tunawa ba hanyarsa ba ce. Mai sha'awar wasan kuwa, da ya sayi abin da zai duba ya ji daɗi da rarar kuɗinsa, babu laifi, muddin bai yi cinikin biri a sama ba.

Akwai kuma doka. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ba bankin kaɗai ikon fitar da takardun kuɗi da sulalla a ƙasar nan, don haka duk wani faifai da wani ya buga ya rubuta masa naira, ba kuɗi ba ne. Sashe na 21 na dokar ya haramta huda ko ƙarzar ko rage nauyin kuɗin da bankin ya fitar, da kuma tallarsu, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Mu ma ba baƙin sulalla ba ne

Adana sule don ado da ajiya daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri ne kuɗin kasuwa, kuma ya rubuta cewa dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Dalar Maria Theresa ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780 a jiki tun bayan rasuwar sarauniyar, ta ratso hamada tare da fatake. Maƙeran farfaru sun narkar da ita sun yi zobba da mundaye, matan Fulani kuma sun jera sulalla a kitso da sarƙoƙin wuya. Ke nan kakanninmu sun san cewa sule na iya zama kuɗi, ya zama ado, ya zama gado.

Zamanin Turawa ya kawo anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka. Aninin da aka buga a 1907 da alminiyam yana cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, naira da kwabo kuma suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973. Sulallan sun ɓace, amma sunayensu sun zauna a harshe: har yau akan ce mutum ba shi da ko anini, ko kuwa bai ba da ko sisin kwabo ba.

Ina gwanayenmu?

Najeriya ta fi karkata ga takarda wajen tunawa. A 2010 an fitar da naira 50 ta musamman don cika shekara 50 da samun 'yancin kai, a 2014 kuma naira 100 don cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu. Janar Murtala Ramat Muhammed ne ɗan ƙasa na farko da hotonsa ya hau kuɗi, a naira 20 ta 1977. Tun daga nan shugabannin siyasa da na ilimi da na banki ne suka cika fuskokin naira. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane daga Kwali a nan Babban Birnin Tarayya, wadda ke bayan naira 20 tun 2007, ita ce ta nuna cewa mai sana'ar hannu ma na iya samun gurbi. Shirin 2012 na fitar da naira 5,000 mai hotunan Hajiya Gambo Sawaba da Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti, tare da mayar da naira 5 da 10 da 20 sulalla, an dakatar da shi bayan jama'a sun nuna adawa.

A fagen tseren motoci, nahiyar Afirka zakaran Formula 1 ɗaya ta taɓa samarwa, Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979, kuma rabon da a yi gasar a nahiyar tun 1993 a filin Kyalami. Amma ƙasar Hausa ta ga tsere da idonta. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen Disamban 1978, ta sha ratsa Agadez da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, kafin ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A gida kuma akwai jerin gwanon motoci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda a 2020 ya tashi daga Abuja.

In ana maganar waɗanda suka ɗaga tutar ƙasa a wasanni kuwa, ba a rasa su ba: Hogan Bassey, zakaran damben duniya a 1957, Dick Tiger a 1962, Chioma Ajunwa da tawagar ƙwallon ƙafa su Nwankwo Kanu da Garba Lawal da Tijjani Babangida, da suka ciyo zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Ƙasar na da kamfanin buga kuɗi nata tun 1963, mai masana'antu a Legas da Abuja. Sulen tunawa ba ya buƙatar mai shago ya karɓe shi, saboda haka faɗuwar darajar tsaba a kasuwa ba ta hana a yi shi. Abin da misalan Brazil da Laberiya suka nuna shi ne, wanda ƙasa ta buga wa ɗanta da hannunta ya fi wanda aka ari sunanta aka buga wa baƙo daɗewa a zukatan jama'a.

Mai son ganin yadda kuɗi ya sauya a ƙasar nan, daga wuri da mundayen ƙarfe zuwa kwabo mai huji da naira, Babban Bankin Najeriya na da gidan adana kayan tarihin kuɗi a hedkwatarsa da ke tsakiyar Abuja, wanda aka buɗe a 2009, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Gudu.